La'adar gida a wasan foka da yadda take cinye kuɗin tebur

Maganar da masu tallar foka suka fi yi ita ce wai wannan wasa ya bambanta da sauran caca, domin da mutane irinka kake karawa, gida ba ruwansa, in ka fi abokan wasanka iyawa kuɗinsu zai dawo aljihunka. Rabin maganar gaskiya ne. Foka wasan karta ne da iyawa ke tasiri a cikinsa, kuma gidan da ya kafa tebur ba ya riƙe kati, bai damu da wanda ya ci ko wanda aka cinye ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin rashin damuwar tasa: kafin a tura wa mai nasara kuɗin da aka tara a tsakiya, gida ya riga ya cire nasa. Wannan kaso shi 'yan wasa ke kira rek, mu kuwa la'ada ce a bakinmu, irin wadda dillali ke karɓa in ciniki ya faɗa. A ganina wannan la'ada ita ce ke yanke makomar mafi yawan masu zama a tebur, fiye da sa'a, fiye ma da iyawa. An tsara ta yadda ta fi danne mai ƙaramin ƙarfi, sannan ba a nuna wa mai biya jimillar abin da ya biya.

Ga yadda kuɗi ke taruwa a nau'in da ya fi yaɗuwa, wato Texas Hold'em. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe. Mutum biyu dole su zuba kuɗi tun kafin a yi rabon, ɗaya ƙaramin zubi, ɗaya babban zubi, kuma wannan nauyi yana zagayawa har kowa ya ɗauka. In aka ce tebur na 1 da 2 ne, ana nufin ƙaramin zubi dala 1, babba dala 2. Daga nan kowa ya zaɓa, ko ya bi, ko ya ƙara, ko ya yar da katinsa. Sai a buɗe kati uku a tsakiya a sake zubi, a buɗe na huɗu a sake, a buɗe na biyar a yi zubin ƙarshe. Duk abin da aka zuba shi ne tuli. Babban zubi kuwa shi ne mudun da 'yan wasa ke auna komai da shi, riba da asara da la'ada.

A ɗakunan foka na Las Vegas a Amurka, a ƙananan tebura, abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tuli, har ya kai wata iyaka da ba a wucewa, wadda a shekarun nan take wajen dala 5. Duk wanda ya zuba wa hannun mai raba kati ido zai ga yadda abin ke gudana. Tuli ya kai dala 10, sai ya ja kwabon roba guda na dala 1 ya ajiye a gefensa, kusa da wata 'yar kafa da aka huda a jikin tebur. Ya kai 20, ya ƙara guda. Ya kai 50, sun zama biyar, sai ya tsaya. Da an gama, ya tura tuli ga wanda ya ci, ya zura kwabban nan cikin kafar, su faɗa akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ke maƙale a ƙarƙashin tebur. Abin ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu, kuma a lokacin hankalin kowa na kan katin da aka buɗe. Gidaje da yawa suna da ƙa'idar cewa in aka gama rabo ba a kai ga buɗe katin ukun farko ba, ba a cire komai. Haka kuma zubin ƙarshe da ba wanda ya bi, ana mayar wa mai shi kafin a lissafa la'ada.

Dala 4 ko 5 ba ta da yawa a ido, sai an tara. Mu ɗauka mutum tara sun zauna a tebur na 1 da 2, kowa ya sayi kwabban dala 200. Jimilla dala 1,800 ke nan a kan tebur. Mai raba kati da ya iya aiki yana yin rabo wajen 30 a awa. A ce 25 daga ciki an cire la'ada, kowane dala 4 in an daidaita manya da ƙanana. Dala 100 ke nan ta bar tebur a awa ɗaya, kusan dala 11 a kan kowane mutum, ko ya ci ko bai ci ba. In suka yi awa takwas ba wanda ya ƙaro kuɗi, dala 800 ta shige akwati, mutum tara suna kokawa a kan dala 1,000 da ta rage. Kuma ba nan abin ya tsaya ba. Gidaje da yawa suna cire ƙarin dala 1 ko 2 daga kowane tuli don asusun garaɓasa, wanda ake biya ga mai kati mai ƙarfin gaske da wani ya doke da wanda ya fi shi, abin da kan ɗauki makonni ko watanni bai faru ba. Ga kuma tukuicin mai raba kati, wanda a Amurka al'ada ce duk wanda ya ci tuli ya ba da aƙalla dala 1. In aka haɗa waɗannan biyun a kan dala ɗaya-ɗaya, abin da ke fita ya zama dala 150 a awa. A awa goma sha biyu ya yi daidai da dukan kuɗin da aka zauna da shi.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna auna la'adar foka da irin wadda suka sani. Mai adashen kullum yana ɗaukar zubin rana ɗaya a wata, sau ɗaya ya taɓa kuɗinka shi ke nan. Dillalin kara yana karɓar la'ada sau ɗaya a kan saniya ɗaya. A tebur kuwa dala ɗaya tana iya shiga tuli sau goma a dare guda, yau tana hannun wannan, anjima tana hannun wancan, kuma duk shigarta sai an gutsure ta.

A duba tuli guda da kyau. Mutum biyu kowa ya zuba dala 20, tuli ya zama 40, gida ya cire 4. Ana cewa kashi 10 ne, amma 20 daga cikin 40 ɗin nan kuɗin mai nasara ne tun asali. Ribarsa ta gaskiya dala 20 ce, an cire 4, wato kashi 20 cikin 100 na ribar. In aka ƙara dalar garaɓasa da dalar tukuici, 6 ke nan cikin 20, kashi 30. Da babu la'ada, mutum yana bukatar ya ci rabin irin wannan karo don ya tashi ba riba ba asara. Da la'adar dala 4, tunda 36 zai karɓa a kan 20 da ya zuba, sai ya ci kusan 56 cikin 100. Da sauran cire-ciren, kusan 59. Wannan tazara babba ce a wasan da fifikon gwani a kan wanda ba gwani ba bai cika wuce 'yan maki kaɗan ba. In kuma katinsu ya zo daidai aka raba tuli biyu, kowa zai karɓi 18 a kan 20 da ya zuba. Ba wanda ya ci wani, amma dukansu sun yi asara.

Akwai kwatancen da ya kamata masu cewa foka ta fi sauran wasannin gidan caca adalci su tsaya su duba. A rulet, wasan ƙwallon da ake jefawa a faifai mai juyawa, rabon gida kashi 2.7 ne cikin 100 a faifan Turai mai sifili ɗaya, 5.26 a na Amurka mai sifili biyu. A ƙaramin teburin foka, in iyawar 'yan wasa ta zo ɗaya, duk dalar da ta shiga tulin da bai kai dala 50 ba tana rasa santi 10. Kusan ninki biyu ke nan na faifan Amurka. Mutumin da bai fi abokan zamansa iyawa ba, a irin wannan tuli ya fi mai rulet biyan gida.

Iyakar la'ada, wadda ake gabatarwa kamar sassauci, ita ce ke mai da abin kashin dankali. Tulin dala 50 yana biyan 5, kashi 10. Tulin dala 500 shi ma 5 yake biya, kashi 1. Tulin dala 5,000 kuwa abin da yake biya bai kai a ambata ba. Mai zuba dala 250 a tulin 500 yana bukatar ya ci kashi 50.5 kawai don ya tsira da uwar kuɗinsa, alhali mai zuba dala 20 sai ya ci 56. A manyan tebura ma sau da yawa ba a taɓa tuli, kuɗin lokaci ake karɓa. Duk rabin awa, in za a canja mai raba kati, kowa ya ajiye wani adadi a gabansa, a ce dala 7. Dala 14 ke nan a awa. A tebur na 5 da 10 wannan bai kai babban zubi ɗaya da rabi ba. Mutumin tebur na 1 da 2 da ke biyan dala 11 a awa kuwa, babban zubi biyar da rabi yake biya. A tsakanin masu wasa a ɗakin foka ido da ido, wanda ke cin ribar babban zubi biyar zuwa goma a awa a tsawon lokaci gwani ne na sosai. Ke nan a ƙaramin tebur, abin da gida ke karɓa daga kowace kujera ya kai ribar gwani.

Dokokin wurare suna canja siffar la'adar, amma ba sa kawar da ita. A Kalifoniya doka ta hana ɗakunan karta lissafa kuɗinsu bisa kaso na abin da aka zuba ko aka ci, don haka tsayayyen adadi suke cirewa a kowane rabo. Wannan ya fi muni ga ƙananan tuli, domin in adadin dala 5 ne tuli kuma 15, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. A Texas, inda doka ba ta yarda wani ya amfana da wasan ba in ban da abin da ya ci da hannunsa, kulob-kulob ɗin foka sun koma karɓar kuɗin zama mamba da kuɗin kujera na awa. Wannan tsari na Texas, duk da taƙaddamar shari'a da ke kansa, yana da kyau guda: mutum ya san abin da ya biya, domin daga aljihunsa ya ciro ya miƙa.

A intanet kason ya fi ƙanƙanta, galibi wajen kashi 5 cikin 100, kuma babu tukuici. Sai dai sauri ya cike gurbin. Tebur ɗaya na mutum shida yana yin rabo 70 zuwa 80 a awa, kuma mutum yana iya buɗe tebur huɗu ko fiye a lokaci guda. Matsalar iyaka ma tana nan. A ce a tebur na santi 5 da santi 10 iyakar dala 1 ce. Kafin a kai ta sai tuli ya kai dala 20, wato sai mutum biyu da kowa ya zauna da dala 10 sun zuba dukan abin da suka zauna da shi. Kusan kowane tuli yana biyan cikakken kashi 5. A tebur na dala 5 da 10 mai iyakar dala 3, da tuli ya kai 60 an gama, babban zubi shida kacal. Shi ya sa a ƙananan teburan intanet la'ada takan kai wajen babban zubi 8 zuwa 10 a kowane rabo 100, a manya kuma ta sauko zuwa ɗaya ko biyu. Mai wasa a tebur huɗu na santi 10, rabo 300 a awa, in yana biyan zubi 10 a rabo 100, dala 3 yake biya a awa. In ya yi awa 100 a wata, dala 300. Mutumin da ya fara da dala 50, in har ya iya kai ƙarshen wata, ya biya gida ninki shida na jarinsa, daga kuɗin da ya ciwo a hannun wasu ko wanda ya yi ta ƙarowa daga aljihu.

Nan ne maganar iyawa take rushewa. Mu jera mutum shida bisa ƙarfinsu kafin a cire la'ada, a ma'aunin babban zubi cikin rabo 100. Na farko yana cin 14, na biyu 7, na uku 3, na huɗu yana asarar 2, na biyar 8, na shida 14. In ka haɗa, sifili ne, abin da uku suka rasa shi uku suka samu. Yanzu a cire wa kowa 10. Na farko ya rage da ribar 4. Na biyu, wanda ya fi mutum huɗu iyawa a teburin, ya koma asarar 3. Na uku asarar 7. Mutum ɗaya ne kawai ke tashi da riba, gida kuma ya kwashi 60. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In la'adar 2 ce kamar ta manyan tebura, mutum uku za su tashi da riba. Matashin da ya yi karatun wasan, ya kalli darussa, ya fi yawancin abokan karawarsa, kuma yana ganin kuɗinsa na raguwa, yakan ɗora laifin a kan rashin sa'a ko ya zargi shafin da maguɗin kati. Sau da yawa babu maguɗi ko kaɗan, shi ne na biyu a jerin nan.

La'ada tana canja wasan kansa ma. Katin da ke da 'yar riba kaɗan in babu la'ada, kamar ƙananan lambobi masu bin juna, yakan koma na asara in ana cire kashi 10, don haka masu lissafi suna yar da shi tun farko. Suna rage bin zubin wani kawai, sun fi son su ƙara ko su janye, saboda tulin da aka ci kafin buɗe kati uku ba a taɓa shi a gidajen da ke da waccan ƙa'ida. Mai babban zubi yana rage bin ƙarin da wani ya yi don kare kuɗin da ya riga ya zuba. A wasan ido da ido, in kowa ya yar da kati sai masu zubin dole biyu suka rage, sukan yarda kowa ya ɗauki nasa a wuce, don kada su yi faɗa a kan tulin da gida zai fi su amfana da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zama a teburin da ya ragu cikin dare. In mutum tara suka koma huɗu, rabo yana ƙara sauri, dala 100 ɗin nan ta awa kuma a kan mutum huɗu za ta faɗa. Gidaje da yawa suna rage la'ada in tebur ya ragu, amma a wasu sai ɗan wasa ya buɗe baki ya nema.

A gasa, inda kowa ke biyan kuɗin shiga sau ɗaya a buga har mutum ɗaya ya rage, ana cire la'ada tun a ƙofa. In aka rubuta 100 da 10, dala 100 ce ke shiga asusun kyauta, 10 ta gida ce, kusan kashi 9 na abin da ka biya. Babbar gasar duniya ta World Series of Poker da ake yi a Las Vegas kowace shekara, kuɗin shiganta dala 10,000 ne. A 2024 an samu shiga 10,112, wato dala 101,120,000 aka tara. Abin da aka raba wa 'yan wasa dala 94,041,600 ne. Kashi 7 cikin 100, dala 7,078,400, ya tafi ga masu shirya gasar da ma'aikatanta. Jonathan Tamayo da ya zo na ɗaya ya karɓi dala miliyan 10, na biyu miliyan 6. Abin da aka cire ya fi kyautar na biyu, kuma shi ba ya bukatar kati mai kyau.

Wannan kuwa ita ce gasa mai sauƙin la'ada. A ƙananan gasannin kullum na gidajen caca, ana iya biyan dala 60 a tarar 45 ce kawai ta shiga asusun kyauta, kashi ɗaya cikin huɗu ya fita. Kafin mutum ya dawo da kuɗinsa a irin wannan, sai sakamakonsa ya fi na matsakaicin ɗan wasa da kashi ɗaya cikin uku. Ga shi kuma irin waɗannan gasanni ana ɗaga zubin dole da sauri don a gama cikin 'yan awoyi, abin da ke rage wa iyawa tasiri ya ƙara wa sa'a. In gasar ta yarda wanda aka cire ya sake shiga, kowace shiga da sabuwar la'adarta.

Sai batun gyara, wato mayar wa ɗan wasa wani kaso na la'adar da ya biya. Shafukan intanet sun daɗe suna jan mutane da shi. Wanda ya biya dala 300 aka mayar masa kashi 30, ya karɓi 90, gida ya riƙe 210. Yadda ake lissafa rabon kowa ma yana da bambanci. A tsohon tsari ana raba la'adar tuli daidai tsakanin duk wanda aka ba kati, a tsarin da ya fi yawa yanzu kuwa ana lissafawa gwargwadon abin da mutum ya zuba. Haɗarin gyara shi ne ana yin ta hawa-hawa, sai ka biya la'ada kaza a mako ko a wata kafin ka kai mataki na gaba, sai mutum ya ƙara awoyi yana wasa a gajiye don ya cika adadi, ya yi asarar ɗari don ya karɓi ashirin. Kuma gida yana iya janye ta ranar da ya ga dama. Bayan kamfanin Amaya ya sayi shafin foka na PokerStars a 2014 a kan dala biliyan 4.9, an ƙara la'ada a wasu wasanni, sannan a ƙarshen 2015 aka ba da sanarwar zaftare ladan manyan masu wasa, waɗanda a da ake mayar wa fiye da rabin abin da suka biya. 'Yan wasa sun yi yajin kwana uku a farkon Disambar 2015, kamfanin bai janye ba. Mutanen da suka gina rayuwarsu a kan wannan gyara sun gane cewa ribarsu ba daga tebur take fitowa ba, kuma wanda ke ba da ita ya rufe hannu.

Gidajen suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Ɗakin foka yana biyan masu raba kati, masu tsaro, lasisi, haraji da wuta, kuma filin da tebur ɗaya ya cinye in aka jera injinan caca a wurin sun fi kawo kuɗi. Shafin intanet yana kashe kuɗi wajen kama masu haɗa baki da masu sa manhaja ta buga musu. Ba wanda zai yi wannan aiki kyauta. Akwai kuma masu cewa la'ada mai yawa tana korar ƙwararru, sai masu wasan nishaɗi su sarara. Wannan ta biyun ban yarda da ita ba. Mai wasan nishaɗi shi ma yana biyan la'adar, kuɗinsa dai ƙarewa yake, abin da ya canja kawai shi ne aljihun da ya shiga. Ta farkon kuwa tana halatta karɓar kuɗin aiki, amma ba ta bayyana dalilin da zai sa a ƙi nuna wa mutum jimillar abin da aka karɓa a hannunsa ba.

Mafi muni shi ne tsarin kulob na waya, a manhajoji irin su PPPoker, PokerBros da ClubGG. A hukumance kwabban wasa kawai ake bugawa a ciki, marasa daraja. Kuɗin gaske yana bi ta hannun wakili a waje, shi ke karɓa, shi ke loda kwabbai, shi ke biya a ƙarshen mako. Ladan wakilin kaso ne daga la'adar da mutanen da ya kawo suka biya. Saboda haka ba nasararka yake bukata ba, zamanka yake bukata. Shi ya sa yake da saurin ba da bashin kwabbai ga wanda ya ƙare, shi ya sa yake kira in ya ga kwana biyu ba ka shiga ba. Mai kulob ne ke saita kaso da iyaka yadda ya so, kuma in wakili ya ɓace da kuɗi babu ofishin da za a kai ƙara.

Wannan ne inda abin ya shafe mu kai tsaye, domin irin wannan gayyata ba ta bukatar gidan caca a gari, waya da data sun isa. Hukuncin caca a Musulunci a bayyane yake a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma canja mata suna zuwa wasan basira bai taɓa hukuncin ba. Ta fuskar doka, a Nuwambar 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, a Kano kuma Hisba tana rufe shagunan caca. Matashin da ke wasa a ɓoye daga irin wannan jiha ba shi da hukumar da za ta duba masa ko la'adar da ake cire masa ita ce aka rubuta. Na tsaya a kan lissafi ne saboda masu tallar da lissafi suke zuwa, suna cewa sana'a ce ga mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma lissafin nasu ya tsallake layin da ya fi kowane nauyi.

A ƙasashen da doka ta halatta wasan, abin da ya kamata hukumomi su tilasta ba shi da wuya. Kowane shafi ya riƙa nuna wa ɗan wasa, a fuskar asusunsa, jimillar la'adar da ya biya a mako da wata da shekara, da kuɗi tsagwaronsa, kusa da abin da ya zuba da abin da ya cira. Tallar gasa ta rubuta abin da ke shiga asusun kyauta da abin da ke fita da girman rubutu ɗaya. Asusun garaɓasa ya zama ana bayyana nawa ya shiga, nawa aka biya, nawa gida ya riƙe da sunan kuɗin kula. Wanda ke gayyatar mutane kuma ya faɗi cewa yana cin kaso daga la'adarsu. Ta fuskar fasaha babu abin da ya hana. A intanet kowane rabo yana da tarihinsa a rubuce, kuma a ƙasan tarihin akwai layin da ke nuna girman tuli da la'adar da aka cire. Manhajojin bin diddigi irin su PokerTracker da Hold'em Manager suna tara waɗannan layuka su fitar da jimilla cikin daƙiƙa, kuma ƙwararru da su suke zaɓar tebur da shafi. Sabon shiga a tebur na santi 10, wanda ya fi kowa biya gwargwadon jarinsa, shi ne bai san akwai wannan layi ba.